OpenEpi: Lissafin Yawan Majinyata Kafin Miƙa Tsarin Bincike

Likitan da ke neman ƙwarewa, kwamitin ɗa'ar bincike zai tambaye shi inda ya samo adadin majinyatansa. A nan OpenEpi, shafin lissafi na binciken lafiya, ke da amfani. Kyauta ne, a intanet ake buɗe shi. Idan ba a san yawan masu cutar ba, a sa kashi 50, kuskuren da za a lamunta kashi 5, tabbaci kashi 95, zai ba da mutum 384, haɗe da ƙa'idar lissafin.

Sai dai ba ya ƙara waɗanda za su janye. Idan ana tsammanin kashi 10 za su fita, a raba 384 da 0.9, ya zama 427. Masu ɗiban mutane unguwa-unguwa kuma sukan bar tasirin tsari (design effect, lambar da ake ninka adadin da ita saboda irin wannan ɗiba) a 1, alhali da 2 adadin 768 ne. A waya rubutunsa ƙanana ne, gara kwamfuta.