Daga Faris zuwa Tawa: neman kayan kiɗan da ba a taɓa ƙerawa ba

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Ka tambayi inda littafin nan ya kwana. To, molon cikinsa ne ya riƙe ni. Ka san labarin na wata makaɗiya ce ta ƙasar Adar, tun kafin zuwan Nasara, kuma na ba ta abin kiɗan da babu irinsa: babban masaki a rufe da fata, tsarkiya bakwai, uku tana kaɗawa, huɗu ba ta taɓa su, da kansu suke amsawa. A takarda ya yi kyau. Sai dai mai karatu na Tawa ya san gurmi, ya san goge, in na yi masa ƙarya zai gane.

Abin da za a yaba wa mutanen nan shi ne ajiya. Gidan tarihin kiɗa na La Villette, wanda aka buɗe a 1997, yana da wani ƙaton goge mai suna octobasse da wani mai ƙira Bafaranshe, Vuillaume, ya ƙera wajen 1850. Tsawonsa kusan mita uku da rabi, tsarkiya uku, yatsa ba ya kai wa, sai da wasu maɓallai ake danne su. Ashe su ma akwai mai mafarki da rana, sai dai shi ya sassaƙa nasa. Na kuma ga gogen Turai masu ɓoyayyun wayoyi da ke amsawa ba tare da an taɓa su ba, hankalina ya kwanta cewa tsarkiyoyina huɗu ba hauka ba ne. Littattafai kuwa, ɗakunan karatu na gari suna ba da aronsu kyauta. Gidan tarihinmu na Boubou Hama a Yamai ba baya ba ne, amma wanda ke Tawa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 kafin ya leƙa.

Wajen masu ƙira ne na ga bambanci sosai. A titin Rome, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, shagunansu jere suke. Da yawansu a Mirecourt suka koyo, garin da ke da makarantar wannan sana'a. Aiki a rabe yake: mai jikin goge daban, mai bakansa daban. Itacen bakan ma daga Birazil yake zuwa, kuma tun 2007 ana sa ido a kan cinikinsa. Ba ka zuwa wurin mutum haka kawai, sai da alƙawari, kuma kowane abu da kuɗinsa. Izgar doki, wadda a gida roƙa ake yi wajen mai doki, a nan a ɗaure take, a tsefe, da farashi manne. In ka lissafa yuro ɗaya sefa 655, sai ka mayar da hannu aljihu.

Wani dattijo a cikinsu ya dubi zanena, ya yi dariya. Ya ce tsarkiya huɗu na gogensu kaɗai suna jan abin da ya haura kilo 20, bakwai a kan ƙwarya kuwa za su nutsar da jakin, wato ɗan abin da tsarkiya ke hawa kansa, cikin fata, wuyan ya lanƙwashe. Dabara ita ce sandar ta ratsa masakin ta fito ta ɗaya gefen, kamar ta gogenmu, ita ta ɗauki nauyin. Ya nuna mini kuma in ka danne tsarkiya a daidai rabinta, muryar nan ce za ta dawo amma a sama. Wannan lissafi ya gyara mini babi guda.

Da na tambaye shi fatar damo da ta akuya wacce ta fi jure damina, nan iliminsa ya ƙare. Shi itace ya sani, da ma'auni. A wurinmu makaɗi shi ke zaɓar ƙwaryarsa a kasuwa, ya jiƙa fata, ya ɗaure, in ta saki ya kara ta da wuta ko ya shanya a rana. In tsarkiya ta tsinke ana tsakiyar biki ba ya jiran kowa. A ganina wannan ya fi shagon nan amfani ga labarina, don makaɗiyata ba ta da shago. Ba ta da zaren kamun kifi ko wayar birkin keke irin na ƴan yanzu, dole izga ko jijiya.

Saboda haka, Yaya, ga aike. Ranar Lahadi in ka shiga kasuwa, ka nemo mini tsohon mai gurmi ko mai goge. Ka tambaye shi itacen da ya fi so a wuya, silin izga nawa yake haɗawa a tsarkiya guda, da irin ƙaron da yake shafawa. Ka ɗauko muryarsa ta WhatsApp, kada ka taƙaita mini, har bakin da yake magana da shi nake so. Kuɗin goronsa na tafe ta hannun ɗan ɗakinmu mai zuwa gida ƙarshen wata.