Ina Za Ka Sauka a Guangzhou? Unguwa da Otal Ga Mai Zuwa Saro Kaya

Guangzhou, ko Gwanzu a bakin 'yan kasuwarmu, gari ne a Chaina da unguwar da ka sauka ke yanke maka yawan kasuwannin da za ka taka a yini. Zaɓin bai wuce wurare huɗu ba: Xiaobei, Sanyuanli, Tianhe da Pazhou.

Ga Musulmi mai zuwa saro kaya, Xiaobei ce gaba (ana furta ta kamar Shawbe). Tasharta tana kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma tasha ɗaya ce tsakaninta da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, inda kasuwar tufafi ta Baima da kasuwannin agogo na titin Zhanxi suke. A wannan tashar ake sauyawa zuwa layi na 2: tasha ɗaya arewa kana Sanyuanli wajen jakunkuna, tasha ɗaya kudu kana Yuexiu Park, kusa da masallacin Xianxian, inda ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, kuma inda baƙi ke cika ranar Juma'a. Abinci ba ya zama matsala. Titin Baohan da lungunan Dengfeng cike suke da gidajen abincin Musulmin Chaina, na Larabawa da na 'yan Afirka, akwai gasasshen rago da gurasa har dare ya raba. Ofisoshin masu aika kaya kuma suna nan a ginin Tianxiu da maƙwabtansa, don haka idan katan ya zo da matsala, da ƙafa za ka je. Unguwar ba ta cika kamar shekarun baya ba, baƙi sun ragu sosai tun daga 2020, amma abin da ɗan kasuwa ke nema bai tashi ba.

Sai dai kada ka kama ɗaki a cikin lungun kansa. Gine-ginen tsofaffi ne, a matse suke, rana ba ta shiga, hayaniya ba ta ƙarewa. Nemi otal a bakin babban titin Huanshi, tsakanin tashar Xiaobei da ta Taojin. Tafiyar minti 10 ce zuwa abinci, amma za ka yi barci.

Sanyuanli ta fi arha, kuma ta dace da wanda jaka da takalmi kaɗai suka kawo shi, ko mai hulɗa da kasuwannin titin Guangyuan. Neman abincin halal a can ya fi wahala, binciken fasfo kuma ba baƙon abu ba ne. Tianhe kuwa ta masu zuwa taro da kwat ce: otal mai kyau, kuɗi mai yawa, kasuwa nesa. Pazhou ba ta da amfani sai lokacin baje kolin Canton Fair, wanda ake buɗewa 15 ga Afrilu da 15 ga Oktoba, zango uku kowane karo. Ko a lokacin, daga Xiaobei kana iya bin layi na 5 zuwa tashar jirgin ƙasa, ka sauya zuwa na 2 har Changgang, ka hau na 8 zuwa Pazhou. Abin lura kawai, a waɗannan makonni farashin ɗaki kan ninka a duk garin, sai a kama tun da wata ɗaya ko biyu. Mai sayen kujeru ko tayil kada ma ya wahalar da kansa, ya sauka a Foshan, garin da ke maƙwabtaka da Guangzhou.

Yanzu otal ɗin kansa. Tambaya ta farko ba ta farashi ba ce: suna yi wa baƙon waje rajista? Dokar Chaina ta ce a sanar da 'yan sanda masaukin duk baƙo cikin awa 24. Otal ne ke yin wannan da fasfonka a wajen karɓar baƙi. A 2024 hukumomi sun ce kada otal ya ƙi baƙo da hujjar ba shi da izinin saukar da 'yan waje, amma har yanzu ƙananan wurare na korar mutum, wani lokaci don ma'aikacin bai iya shigar da fasfo a na'ura ba. Kafin ka biya, tura musu saƙo ta manhajar da ka kama ɗakin, irin su Trip.com, ka faɗi ƙasar fasfonka, su amsa a rubuce. Ka ɗauki hoton amsar da adireshin otal da rubutun Chaina, domin WhatsApp da Google ba sa aiki a kan layin ƙasar, direban tasi kuma ba ya karanta boko.

Sannan ka duba ko ɗakin yana da taga. Mafi arha sau da yawa ba shi da ita, kuma a watannin Maris da Afrilu danshin garin yana sa bango ya yi gumi, tufafi su yi fumfuna, samfurin kayan fata ya ɓaci a jaka. Nemi hawan da ba a shan taba. Ka tabbatar akwai lifta idan za ka shigo da katan. Banɗaki ba ya zuwa da abin tsarki, sa buta a kayanka. Za su karɓi kuɗin ajiya ranar shiga; karɓi rasit, in ba shi ba za a yi ta ja-in-ja ranar fita.

Inda ake cin mutane shi ne wajen ejan. Tun kana gida wani zai ce yana da ɗaki a gidan haya, rabin kuɗin otal, har da girki. Ba otal ba ne, don haka rajistar ta koma kanka: sai ka je ofishin 'yan sandan unguwa da takardun gidan, wanda mai gidan ba lallai ya yarda ya bayar ba, musamman idan ejan ɗin shi ma haya ya kama yana sake bayarwa. Rashin rajista na iya jawo tarar da ta kai yuwan 2,000, kuma idan ka je ƙarin kwanakin biza takardar masauki za a fara tambaya. Wanda ya wuce wa'adin biza kuma yuwan 500 ne kowace rana, har zuwa 10,000, ko a tsare shi. Arhar ɗakin ta tafi ke nan.

Akwai kuma ejan da zai ce ya kama maka otal, ya turo hoton takarda, ka tura masa naira. Ka isa tsakar dare daga filin jirgin Baiyun, a duba ba sunanka, ko a tarar an kama an soke. Lambar kamun ɗakin za ka nema, ka tuntuɓi otal ɗin da kanka. Wani zai sauke ka a masaukin da yake karɓar la'ada, can nesa da tasha, don duk inda za ka sai da motarsa, duk shagon da ka shiga kuma an ɗora kasonsa a kan farashi. Kada ka ba kowa fasfonka da sunan zai je ya yi maka rajista ko ya ajiye maka. Otal na kwafarsa ne a gabanka ya miƙo maka, kuma doka ta ce ya kasance a jikinka idan ka fita. Masu canji na bakin titi ma ka bar su. Haɗa katin bankinka da manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat tun kafin ka tashi, ka gwada shi, ka riƙe 'yan yuwan a hannu don kuɗin ajiya.

Idan zuwan farko ne, kwana biyu kawai za ka biya. Ka ga ɗakin, ka auna tafiyar zuwa tasha da ƙafarka, sannan ka sauko wajen karɓar baƙi ka nemi ragi a kan sauran kwanakin.