Mur ɗin da na saya: sama na gaske, ƙasa ƙaro

Duk mai niyyar yin odar mur a wurin masu tallan turare ta WhatsApp, ya tsaya ya ji nawa labarin tukuna. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma kowace Kirsimeti idan muka zo Matiyu 2:11, zinariya da lubban da mur, sai sun tambaye ni, "Malama, mene ne mur?" Bana na ce sai sun gan shi da idonsu, shi ya sa na sayi gwangwani guda.

Gaskiya da na buɗe na ji daɗi sosai. Dunƙule-dunƙule ne ja-ja masu duhu, busassu, suna ɗan maiƙo idan an fasa. Na ɗora ƙwaya ɗaya a kan garwashi cikin kasko, ƙamshi mai nauyi ya cika ɗakin, ba irin zaƙi-zaƙin turaren wutan da muka saba ba. Na ɗan taɓa a harshe, wayyo ɗaci! Sai na tuna sunansa da Ibrananci, "mor", daga tushen kalmar ɗaci ya fito, kamar "murr" na Larabci. Yaran sun yi ta yamutsa fuska, amma ranar sun gane abin da aka gauraya da ruwan inabi aka miƙa wa Yesu a Markus 15:23, bai kuwa karɓa ba. 'Yan matan kuma labarin Esta ya fi burge su, wata shida ana gyara ta da man mur kafin ta shiga wurin sarki. Har a raina na fara sa wa mai kayan albarka.

Ashe ban kai gindin gwangwanin ba. Da na juye sauran a faranti don raba wa sauran malamai, kusan rabi fari-fari ne masu sheƙi, ba ɗaci ba ƙamshi, a wuta ma sai ƙauri. Ƙaro ne, ƙaron da muke sa wa tawada! Ni da na tashi a ƙauye za a ɓoye wa ƙaro? Na kira mai kayan, wai "Madam, ai haka yake zuwa daga Somaliya." To, itacen mur a Somaliya da Habasha da Yaman yake, wannan gaskiya ne, amma ba ya zubo da ƙaro. Abin ya ƙona mini rai, don man shafewa mai tsarki na Fitowa 30 da kayan ƙamshi mafi kyau aka ce a haɗa shi, mur kaɗai nauyin shekel 500 (ma'aunin nauyi ne na zamanin), ni kuwa ga abin da na kusa miƙa wa 'yan'uwa da sunan mur.

Ga kuma jinkirin kawowa, sai da na yi ta bin sa da waya kamar mai bin bashi. Kuɗina bai mayar ba har yau, ya ma daina ɗaukar kirana. Rabin na gasken na adana wa darasin Ista, lokacin da za mu karanta yadda Nikodimu ya kawo mur da wani kayan ƙamshi mai suna al'ul don jana'izar Yesu. Amma ni da sake saye a wurinsa, sai dai in ya juye gwangwanin a gabana.