Daga Meziko: inda ƙafa take zama ganga

Jama'ar gida, a Meziko kiɗa yana da farashi kamar kwandon tumatir. A dandalin Garibaldi na babban birni, makaɗan mariachi suna tsaye cikin ɗamammun kaya da faffaɗar malafa, sai an yi ciniki, waƙa ɗaya ko awa guda, sannan a ɗaga kakaki. Babu liƙi, babu maroƙin da zai kama sunan kakanka har kunya ta sa ka zazzage aljihu. Mariachi salon kiɗan jihar Jalisco ne, UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2011. Arewacin ƙasar na akodiyon ne, abin kiɗan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi, jihar Chiapas kuma ta marimba, jerin katakai da ake bugawa da sanduna.

Amma abin da zai tsaya wa Bahaushe a rai yana kudancin jihar Veracruz, wajen garin Tlacotalpan, a taron da suke kira fandango. Ba ganga ce jigon kiɗan ba. Akwai tarima, dandamalin katako da ake ɗagawa kamar taki guda daga ƙasa, a huda gefensa don sauti ya fita. Masu rawa su hau da takalmi mai taurin dunduniya, dukan ƙafarsu shi ne kiɗan. Katakon in ya kwanta a ƙasa ko ya sha ruwa, muryarsa ta mutu. Masu jarana, ƙaramar jita da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya, su kewaye shi. Har muƙamuƙin jaki suna kaɗawa: a busar da shi sai haƙoran sun yi lako-lako, a doke shi da gefen hannu, a karce haƙoran da ɗan kara. Mai ƙarfin hannu yakan tsaga shi.

Ga ladabin wurin. Wasu kiɗan na mata ne zalla, wasu mace ɗaya da namiji ɗaya. Da mawaƙi ya ɗauko baiti, masu rawa su sassauta ƙafa don a ji kalmomi, in ya dire su dawo da ƙarfi. Ba mai ba da umarni, kowa ya sani.

A bikinmu fa? Mai kukuma na tsakiyar baiti, sanƙira ya ƙwace makirfo yana kiran Alhaji, lasifika ta shaƙe, janareta na kuka. Wani bikin ma an sallami mai kalangu, an ɗauko DJ. Duk da haka, tarima ba ta iya kiran sunan mutum. Kalangu in an matse tsarkiyarsa a hammata yana yi, kuma shi ake nema a rasa a nan Meziko.