Injin juya taki na jan tarakta: abin da na gani cikin shekara biyu

Shekara biyu ke nan da na daina juya taki da bokitin gaban tarakta, na sayi injin juyawa irin wanda tarakta ke ja a gefenta. Sana'ata haɗa takin gargajiya: kashin kaji da na shanu, in cakuɗa da ɓuntun shinkafa da garin katako, idan ya nuna in tankaɗe in zuba a buhu. Ina ƙaunar injin nan, kuma ko yau aka mayar da ni baya zan sake sayensa. Amma na sha wuya a watan farko, saboda na zaɓe shi ne da abin da aka rubuta a takardar talla, ban tsaya na dubi taraktata da filina ba.

Ƙirarsa ba ta da wani ruɗani. Ganga ce ta ƙarfe a kwance, tsawonta mita uku, an jera mata haƙora a murɗe. Ana zuba taki a doguwar kunya, injin ya hau kanta kamar mai hawan doki, tarakta na tafiya a gefe tana juya gangar da sandar PTO, wato sandar da ke ɗauko ƙarfi daga injin tarakta, mai juyi 540 a minti. Haƙoran suna kwaso na gefe su tura shi tsakiya, na tsakiya su watso shi waje, a baya kuma kunyar ta sake tsayuwa da tsininta. Wannan musanyar ita ce abin da na biya kuɗi dominsa. Bayan kunya ba ya ɗaukar zafi kamar cikinta, don haka irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ke can suna nan da ransu har sai an shigar da su ciki. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta takin da ake yi a kunya ta ce zafi ya tsaya a digiri 55 na ma'aunin Celsius ko sama na tsawon kwana 15, kuma a juya sau 5 cikin kwanakin. Bokiti ba ya yin wannan aikin da kyau. Ɗaga dunƙule yake ya kife shi, tayoyi kuma su danne gefen kunyar. Lokacin da nake da bokiti, in na fasa curi bayan wata biyu sai in tarar da cikinsa ɗanye, baƙi, yana ɗoyi kamar ranar da aka kawo shi.

Ranar da muka fara ɗora injin a kan kunya ba zan manta da ita ba. Na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci a hankali, gangar ta kama taki ta fara watsawa, tururi ya turnuƙe. Ba mu yi mita biyar ba sai ƙarar tarakta ta sauya, ta fara nishi, sai ji muka yi ƙas! Kusar kariya ta karye, wato kusar nan da aka yi don ta karye kafin giyabos ya lalace. Muka sauya, muka sake gwadawa, ta sake karyewa. A ta uku bakaniken da ke taimaka mini ya share hannunsa ya ce, "Maigida, injin ba shi da laifi. Taraktarka ce ba ta iya rarrafe ba." Gaskiyarsa. Irin wannan injin yana son tarakta ta riƙe cikakken juyin PTO alhali tana tafiya ƙasa da kilomita ɗaya a awa, wani lokaci 'yan ɗaruruwan mita kawai. Giyar farko ta tawa ta ninka haka. In na rage mai don ta yi sannu, ganga ta rasa ƙarfi. In na ƙara, ta afka cikin taki da gudu. Wanda ya sayar mini ƙarfin doki kaɗai ya tambaye ni, na ce 80, ya ce ya isa. Sai da na sa aka ƙara wa taraktar giyar rarrafe sannan aiki ya zauna, kuma wannan kuɗi ne da ban taɓa sa shi a lissafi ba. Duk mai niyyar sayen irinsa, ya fara auna tafiyar taraktarsa a giya mafi ƙasa, da agogo a hannu.

Tun daga nan sai sambarka. Kunyoyina mita 60 ne, faɗi wajen biyu da rabi, tsayi bai kai ɗaya da rabi ba. Kunyar da bokiti ke cinye mini awa biyu da wani abu, yanzu minti goma sha biyar sun ishe ta. Juyin farko ne kawai ke ɗaukar lokaci, don kayan suna da nauyi kuma ba su haɗu ba. Adadin takin da takardar talla ta ce yana juyawa kuwa ban taɓa kai shi ba, ina ganin da taki busasshe mai sauƙi aka auna.

Abu na biyu da ban lissafa ba shi ne fili. Tarakta na bukatar hanyarta a gefen kunya, kuma tana bukatar wurin juyawa a ƙarshen kowane layi. Na koma jera kunyoyi bibbiyu, hanya ɗaya na yi wa biyu aiki, duk da haka wani babban yanki na filin hanya ce kawai. Injin da ke tuƙa kansa ba shi da wannan matsalar sosai, don kunyoyi na iya matsowa kusa da juna, amma tsadarsa daban ce, ga wani injin dizal da za ka riƙa kula da shi. Akwai kuma mai tafiya a kan dogo bisa doguwar kwata ta kankare a cikin rumfa, yana aiki da lantarki. Wannan ya dace da mai ƙaramin wuri da kaya masu shigowa kullum, sai dai ginin kansa jari ne, kuma in babu tsayayyar wuta aiki ya tsaya cik. Ni fili nake da shi, tarakta kuma tana nan, don haka na jan tarakta ne daidai da ni. Ƙasan filin ma magana ce: ruwan sama na farko ya mayar da hanyoyin caɓi, tayar injin ta nutse gefe guda, haƙora suka fara kartar ƙasa suna zuba mini tsakuwa a taki. Dole na daɓe hanyoyin na ba su ɗan gangare, kunyoyi suna bin gangaren don kada su tare ruwa.

Abin da ya fi burge ni a jikinsa bututun feshin ruwa ne da ke saman ganga. Taki yana son danshi tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari. In ka damƙa ka matsa ya dunƙule, ya jiƙa tafin hannu, amma kada ruwa ya zuba. Ruwan da aka watsa a bayan kunya gangarewa yake. Wanda aka fesa daidai lokacin da taki ke tashi a iska kuwa yana ratsa ko'ina. Bakunan feshin suna toshewa in ruwan ba tsabtatacce ba ne, na sa matata a bakin tiyo aka huta.

Wani kuskuren nawa ne ni kaɗai. Da na ga aikin ya yi sauƙi sai na koma juyawa kullum. Taki ya bushe, zafi ya ƙi zama, zarnin amoniya ya cika wurin har ido na yaji, kuma wannan zarnin naitirojin ne yake guduwa, abin da manomi ke sayen takin dominsa. Iskar da juyi ke shigarwa ƙananan halittun cikin taki suna shanye ta cikin 'yan awoyi; abin da ke ɗorewa shi ne sakin jikin da kunyar ta yi, wanda ke barin iska ta riƙa shiga da kanta. Yanzu dogon ma'aunin zafi ne ke ba ni umarni. In ya haura 65 in juya, in ya fara sauka alhali kayan ba su nuna ba in duba danshi in juya.

Aibinsa na gaskiya guda biyu ne. Boris ɗin gefen ganga, wato ƙarafan da take juyawa a kansu, ba su da isasshiyar kariya. Igiyar leda da tsummokaran buhu suna naɗewa a wurin, su ci robar da ke tare ƙura, taki ya shiga. Na sauya ɗaya tun kafin shekara ta zagayo. Yanzu kowace yamma sai an kashe tarakta, an zare makulli, an yanke igiyoyin da wuƙa, an ɗura giris. Na biyu fenti ne. Tururin taki yana cin ƙarfe, murfin saman ganga ya fara tsatsa da wuri, sai da muka kankare muka sake shafawa. Haƙoran kuwa na yaba, domin da noti aka ɗaure su ba walda ba, wanda ya cinye minti biyar ya isa a sauya shi. Gangar tana jifa da dutse da ƙarfin gaske, ba na barin kowa ya tsaya a bayanta.

Mai tsibi biyu ko uku kada ya wahalar da aljihunsa, shebur da cokali mai yatsu sun ishe shi. Wanda kayansa suka jiƙe sharkaf ma injin ba zai gyara masa ba sai ya ƙara busasshen abu. Ni dai kunyoyi takwas nake juyawa yanzu, kuma a akwatin tarakta kullum akwai kusoshin kariya guda goma da boris ɗaya sabo a ledarsa.