Ziyarar jami'a ga ɗalibi ɗan wasa a Amurka: wacce za a zaɓa, kuma wa zai yi rakiya?

Idan masu horar da 'yan wasa na jami'o'in Amurka suka fara neman yaro tun yana sakandare, shawara ta farko da ke gaban iyalinsa ita ce irin ziyarar da za a kai wa makarantar. Hukumar NCAA, wadda ke tsara wasannin manyan jami'o'in ƙasar, ta raba ziyarar gida biyu: akwai ta gayyata, wadda jami'a ke ɗaukar nauyinta, akwai kuma ta ƙashin kai, wadda iyali ke biya daga aljihunsu.

A rukuni na ɗaya cikin rukunai uku na NCAA, wato na manyan jami'o'i, ana buɗe ƙofar ziyarar gayyata a yawancin wasanni daga ranar 1 ga Agusta ta shekarar da ɗalibi zai shiga aji 11, wato aji na kusa da na ƙarshe a sakandare, kuma sai ya yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta NCAA, ya miƙa takardar sakamakon karatunsa. A da, ziyara biyar kacal aka yarda masa, amma daga Yulin 2023 aka cire wannan iyaka, aka bar masa ziyara ɗaya a kowace jami'a, sai dai idan an sauya babban mai horarwa, ko a ƙwallon kwando ta maza inda aka yi sassauci. Zaman ba ya wuce kwana biyu, kuma jami'a na iya biyan kuɗin tafiya da abinci na mutum huɗu daga cikin iyalinsa. A lura, dokar ta ba jami'a izini ne kawai, ba ta tilasta mata ba, don haka a tambaya a rubuce me za a biya kafin a sayi tikiti.

Amfanin wannan ziyara a fili yake, domin jami'ar da ta kashe kuɗi a kan yaro da gaske take nemansa. Aibinta shi ne an shirya ta ne don ta burge: za a nuna ɗakin motsa jiki mai ƙyalli, a ci abinci mai daɗi, a haɗa yaro da 'yan wasan da aka zaɓo. Ziyarar ƙashin kai kuwa ba ta da adadi, jami'a galibi ba ta ba da komai in ban da 'yan tikitin kallon wasa, amma a cikinta ne ake ganin makaranta a ranar aiki, ba cikin kwalliyar tarbar baƙi ba. A ganina, jami'ar da mota za ta kai mutum a fara leƙa ta da kuɗin kai, a adana ziyarar gayyata don makarantu uku ko huɗu da suka rage a zuciya. Kowacce aka zaɓa, a duba kalandar NCAA tukuna, saboda akwai ranakun da aka haramta wa masu horarwa ganawa da ɗalibai ido da ido.

Inda aka fi samun saɓani shi ne batun rakiya. Yaro mai shekara 16 ko 17 yakan so ya tafi shi kaɗai don kada a ɗauke shi ƙaramin yaro, iyaye kuma ba su yarda su bar makomar ɗansu a hannun wanda aikinsa cika ƙungiya ba. Kowa yana da gaskiyarsa. Mai horarwa yana son ya ji muryar ɗalibin, kuma yaron da ya taso da kunyar yin magana a gaban mahaifinsa zai yi shiru daidai lokacin da ake auna shi. Mafita ita ce a raba aikin tun daga gida. Ɗalibi zai iya cewa, "Baba, ina roƙon a bar mini tambayoyin horo da matsayina a ƙungiya, ku da Umma ku riƙe maganar kuɗi da karatu." Uba mai hangen nesa zai amince, ya kuma ba shi dama ya keɓe da 'yan wasa, domin ba za su saki jiki a gaban manya ba.

Tambayoyin iyaye ba na wasa ba ne. Tallafin karatun cikakke ne ko wani kaso? Na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, ko na dukan shekarun digiri? Me zai faru idan yaro ya ji rauni? Jadawalin horo zai bar shi ya karanta fannin da yake so? Iyalin Musulmi su ƙara da batun abincin halal, sallar Juma'a da horo a watan azumi, domin yadda mai horarwa ya karɓi waɗannan tambayoyi yana bayyana halinsa. A sani kuma jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, na rukuni na biyu galibi wani kaso suke bayarwa.

Sharaɗi ɗaya da nake ganin bai kamata a sassauta ba shi ne kada kowa ya amsa tayi a lokacin ziyara. Alkawarin baki ba ya ɗaure jami'a, kuma tun da rukuni na ɗaya ya soke tsohuwar takardar ƙulla niyya, wadda ɗalibi ke sa wa hannu don ɗaure kansa da jami'a, a Oktoban 2024, rubutacciyar yarjejeniyar tallafin karatu ce abin dogaro. Idan aka matsa cewa sai an ba da amsa kafin a tashi, a nemi wa'adi, a koma gida a kwatanta tayin da na sauran makarantu.

Ga iyalin da ke Najeriya, Nijar ko Gana, biza da tsadar jirgi na iya hana zuwan gaba ɗaya. A irin wannan hali a nemi ganawa ta bidiyo da mai horarwa da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, a kuma roƙi a haɗa yaron da wani ɗan wasa daga Afirka da ke cikin ƙungiyar, su yi magana su biyu.