Manhajar Safe Delivery ta fitar da ni kunya a dutin dare

Wata abokiyar aikina ce ta matsa mini na sauke Safe Delivery, manhajar da ke koya wa ma'aikatan lafiya karɓar haihuwa, a wayata, ni kuwa na ɗauke ta irin manhajojin nan masu cinye wuri a banza. Gidauniyar Maternity Foundation ta ƙasar Denmak ce ta yi ta, kyauta ce, kuma in ka gama saukewa tana aiki ba intanet. Wannan ne ma ya sa na bar ta, don asibitinmu sabis sai an fita bakin titi.

Ranar da ta yi mini rana ina dutin dare, ungozomarmu ta tafi hutu. Wajen ƙarfe 2 wata mai cikin fari ta haihu, yaro ya fito lagwaf, ba kuka. Na goge shi, na murza bayansa, shiru. Na ɗora masa ambu, jakar hura wa jariri iska, ina matsawa, ƙirji ko motsi. A makarantar jinya sau ɗaya na taɓa yin wannan, a jikin ɗan roba, muna layi mu fiye da talatin. Sai bidiyon da na kalla a manhajar a satin ya faɗo mini: idan ƙirji bai tashi ba, gyara kai, sake danna abin a fuska kada iska ta zurare. Ashe na lanƙwasa masa wuya da yawa. Ina gyarawa ƙirjin ya ɗaga, can ya tsandara kuka. Wallahi sai da ƙafafuna suka yi sanyi.

Amma fa na sha takaici. Da na koma kan uwar, jini ya ɗan yi yawa, na buɗe wayar in tabbatar da ma'aunin misoprostol, maganin tsayar da jini, tunda allurar oksitosin ɗinmu mai wannan aikin ta kwana uku a firij ba wuta. Sai kakar yaron ta ce, "'Yar nan, jini na zuba kina latse-latsen waya?" Har ƙarata ta kai da safe. Ga datata ta wata guda da saukewar ta lashe, daga aljihuna, ba wanda ya mayar mini. Cajin ma a shagon mai shayi nake biya.

Duk da haka ɗalibai biyu da aka turo mana koyon aiki na sa sun sauke ta, kuma na fara nuna wa 'yan rakiya allon wayar kafin in taɓa ta.